Wa Zai Yi Aikin? Yadda Ya Kamata Bahaushe Ya Koyi "zu" a Jamusanci

Ga jimloli biyu na Jamusanci, irin waɗanda ake ji a kowane asibiti:

*Die Ärztin verspricht dem Patienten, morgen zu kommen.*
*Die Ärztin bittet den Patienten, morgen zu kommen.*

Abin da ya biyo bayan waƙafi a jimlolin biyu iri ɗaya ne, harafi da harafi: *morgen zu kommen*, wato zuwa gobe. Amma a jimlar farko likitar ce za ta zo, a ta biyu kuwa majinyacin ne. Hausa ba ta yin wannan ɓoyo. Ta farko tana cewa likitar ta yi wa majinyacin alkawarin za ta zo gobe. Ta biyu tana cewa likitar ta roƙi majinyacin ya zo gobe. "Ta" da "ya" sun raba gardama tun kafin ta taso. Jamusanci ya ɗauke wannan ɗan wakilin suna, ya bar wa mai sauraro aikin gano shi.

Wannan gini shi ne Jamusawa ke kira *Infinitivsatz*: wani sashe na jimla da aka ɗora a kan kalmar *zu* da tsurar aikatau, wato aikatau kamar yadda yake a ƙamus, bai nuna lokaci ba, bai nuna mutum ba, irin su *kommen*, *lesen*, *bezahlen*. Littattafan koyo da dama suna gabatar da shi a matsayin jerin kalmomi da za a haddace: waɗannan aikatau suna ɗaukar *zu*, waɗancan ba sa ɗauka. Jerin yana da amfani, amma fara darasi da shi sa keke ne a gaban doki a idon duk wanda ya san inda matsalar take. Abin da ke tafiyar da ginin gaba ɗaya tambaya ce guda: wa zai yi aikin? Mai koyon da ya riƙe ta ya riƙe linzami. Kuma wanda ya tashi da Hausa yana da ma'aunin amsa ta a bakinsa, muddin ya daina bi ta Turanci kafin ya isa Jamusanci.

Inda takalmin ke matsi

Tsarin auna ƙwarewar harshe da Majalisar Turai ta fitar a 2001 ya raba masu koyo zuwa matakai 6, daga A1 zuwa C2. A wajen matakin B1 ne sashen *zu* ke zama abin da ba a iya kauce masa, kuma daga nan ne takardun shaida ke fara buɗe ƙofofi. B1 ake nema ga mai son zama ɗan ƙasar Jamus. B2 ake nema galibi ga ma'aikatan jinya. Likita kuwa, bayan B2, a yawancin jihohin ƙasar sai ya ci jarrabawar harshen aikin likita a matakin C1. Jarrabawar B1 ta cibiyar Goethe, wadda ke da reshe a Legas da Akara, kashi 4 ce: karatu, saurare, rubutu da magana, kuma kowane kashi sai an sami maki 60 cikin 100.

Jarrabawa dai rana ɗaya ce. Abin da ya fi ta nauyi shi ne rayuwar da ke bayanta. Wasiƙar ofishin kula da baƙi, yarjejeniyar haya, umarnin babban likita a kan takardar majinyaci, sharuɗɗan neman gurbin karatu, duk cike suke da wannan gini. Wanda ya karanta su bai tabbatar da wanda aka ɗora wa aiki ba, yana iya zama yana jiran ofis ya yi abin da ofis ke jira ya yi, har wa'adi ya wuce.

Ginin kansa

Siffar ginin ba ta da wuya. *Zu* da tsurar aikatau suna komawa ƙarshe, duk sauran kayan sashen suna shiga gabansu: *Ich versuche, jeden Tag eine Stunde Deutsch zu lesen*, ina ƙoƙarin karanta Jamusanci na awa ɗaya kowace rana. Bahaushe ya saba sa aikatau kafin abin da aka aikata, don haka wannan juyi yana buƙatar atisaye, amma atisayen baki ne kawai.

Asalin *zu* yana taimakawa wajen jin ma'anarsa. Kalma ce ta nuna alkibla, kuma har yau tana wannan aiki: *Ich gehe zum Arzt*, zan tafi wurin likita. A tsohon Jamusanci ana haɗa ta da aikatau da aka mayar suna, ana nufin dosar wani aiki. Kamanninta da "zuwa" na Hausa dace ne kawai, babu dangantaka tsakaninsu, amma dacen yana da amfani ga mai neman abin tuni. Ragowar tsohon ginin ma tana nan: *Ich brauche eine Brille zum Lesen*, ina buƙatar tabarau don karatu. *Lesen* a nan suna ne, kamar yadda "karatu" yake suna.

Wurin da ake tuntuɓe shi ne aikatau masu ɗafi a goshi. Idan ɗafin mai rabuwa ne, *zu* yana kutsawa tsakani, a rubuta su kalma ɗaya: *anrufen* ya zama *anzurufen*, *aufstehen* ya zama *aufzustehen*, *mitbringen* ya zama *mitzubringen*. Idan ɗafin marar rabuwa ne, irin su *be-*, *ver-*, *er-*, *ent-*, *zer-*, sai *zu* ya tsaya a waje: *zu bezahlen*, *zu verstehen*. Kunne ne ke raba su. In nauyin furuci ya faɗa kan ɗafin, mai rabuwa ne. In ya faɗa kan tushen aikatau, marar rabuwa ne.

Wasu kalmomin fuska biyu gare su. *Der Fahrer versuchte, den Pfosten zu umfahren* yana nufin direban ya yi ƙoƙarin kewaye turken. *Der Fahrer versuchte, den Pfosten umzufahren* yana nufin ya yi ƙoƙarin banke shi. A ƙamus duka biyun *umfahren* ne. Haka *zu übersetzen* fassara ne, *überzusetzen* kuwa ƙetarar da mutum ruwa ne. Kunnen da ya saba raba "gari" na jama'a da "gari" na tuwo ba zai sha wahala a nan ba, idan aka nuna masa abin da zai saurara.

Inda ba a sa *zu*

Jerin da ya cancanci hadda gajere ne, kuma shi ne na wuraren da *zu* ba ya shiga. Akwai aikatau 6 masu nuna iko, izini, tilas ko so: *können*, *dürfen*, *müssen*, *sollen*, *wollen*, *mögen*. Akwai *werden* na lokaci mai zuwa, da *lassen*. Akwai *sehen* da *hören* a jimla irin *Ich höre ihn kommen*, ina jin tahowarsa. Akwai *gehen* da *bleiben* a *einkaufen gehen* da *sitzen bleiben*. Wanda ya san waɗannan, galibin sauran fili na *zu* ne.

*Brauchen* na tsaye a kan iyaka. A rubutu yana ɗaukar *zu*, a hirar yau da kullum Jamusawa da yawa suna yar da shi. *Sie brauchen nicht zu kommen* daidai yake da *Sie müssen nicht kommen*: ba dole ne ku zo ba. Wanda ya bi ta Turanci yakan ɗauki *müssen nicht* a matsayin hani, alhali hani *dürfen nicht* ne. A ɗakin majinyata bambancin ba na wasa ba ne. *Der Patient braucht nicht zu essen* na nufin ba lallai ne ya ci abinci ba. *Der Patient darf nicht essen* na nufin kada ya ci, wataƙila domin tiyata na jiransa da safe. Hausa ta raba "ba dole ba" da "kada" tun fil azal, kuma rabon ya yi daidai da na Jamusanci.

Ma'aunin da ke bakin Bahaushe

Hausa tana da hanyoyi biyu na faɗin manufa. Ana iya cewa "tana aikin dare don biyan kuɗin haya", da sunan aiki, ba a ambaci mai biyan ba domin kowa ya san ita ce. Ana kuma iya cewa "tana aikin dare don ɗanta ya yi karatu", inda sabon mutum ya shigo, dole aka ambace shi. Ba a iya mayar da jimla ta biyu ta zama "don yin karatu" ba tare da karatun ya koma kanta ba.

Wannan shi ne ainihin bambancin *um ... zu* da *damit*:

*Sie arbeitet nachts, um die Miete zu bezahlen.*
*Sie arbeitet nachts, damit ihr Sohn studieren kann.*

A ta farko mai aikin ɗaya ce, don haka Jamusanci ya yi shiru a kanta. A ta biyu masu aikin biyu ne, sai aka buɗe cikakken sashe mai nasa aikau da nasa aikatau. Ma'aunin ke nan: in manufar ta faɗu a Hausa da sunan aiki ba tare da ma'ana ta goce ba, *um ... zu* ya halatta. In Hausa ta tilasta kawo sabon mutum, sai *damit*.

Mai koyon da bai yi wannan awo ba yakan rubuta *Die Pflegerin gibt dem Patienten eine Tablette, um zu schlafen*. A nahawu, jimlar tana cewa ma'aikaciyar jinyar ta ba majinyaci ƙwayar magani don ita ta sami barci. Abin da ake nufi shi ne *damit er schlafen kann*, don ya iya barci. Gaskiya ne akwai sassauci tare da aikatau na aike, irin *schicken*: a *Sie schickt den Jungen zum Bäcker, um Brot zu holen* kowa ya fahimci yaron ne zai sayo burodin. Amma wannan togaciya ce, kuma mai rubuta rahoton aiki ba ya gina gida a kan togaciya.

Ma'aunin yana aiki a kan sauran 'yan'uwan *um* guda biyu. *Er ging, ohne sich zu verabschieden*, ya tafi ba tare da yin sallama ba: mutum ɗaya. *Er ging, ohne dass jemand es merkte*, ya tafi ba tare da kowa ya lura ba: mutum biyu. *Statt zu fragen, unterschrieb er*, maimakon tambaya sai ya sa hannu: wanda bai tambaya ba shi ne ya sa hannun. Idan mutanen sun bambanta, sai *statt dass*. Waɗanda suka yi boko a Nijar ko Kamaru da Faransanci sun riga sun san wannan rabo a *pour* da *pour que*, da *sans* da *sans que*, don haka a wannan babi sun fi takwarorinsu na Najeriya da Gana samun sauƙi.

Abu ɗaya ya rage a nan. Tunda *um ... zu* ya riga ya ƙunshi niyya, ba a ƙara masa *wollen*. Ba a cewa *um Deutsch lernen zu wollen*, kamar yadda Bahaushe ba ya cewa ya zo don ya so ya koya. *Können* kuwa yana shiga lafiya: *um arbeiten zu können*, don samun damar aiki.

Tarkon Turanci

Yawancin masu koyo a Najeriya da Gana suna shiga Jamusanci ta ƙofar Turanci. Ƙamus ɗinsu na Turanci ne, bayanin malami na Turanci ne, manhajar wayarsu ma haka. Da yake *zu* da *to* 'yan asali ɗaya ne, sai mai koyo ya ɗauka duk inda ɗaya ya shiga ɗayan ma zai shiga. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A wurare uku aƙalla, Turanci yana kai mutum rami, Hausa kuwa tana kai shi gida.

Na farko, son wani ya yi abu. Turanci yana amfani da *to*, Jamusanci ba ya yarda. *Ich will dich zu kommen* ba Jamusanci ba ne. Daidai shi ne *Ich will, dass du kommst*, wanda ya yi kafaɗa da kafaɗa da "ina so ka zo": "ka" a nan, *du* a can. Na biyu, tambaya a cikin jimla. Bature yana haɗa kalmar tambaya da *to* kai tsaye, Bajamushe yana cewa *Ich weiß nicht, was ich tun soll*, Bahaushe yana cewa "ban san abin da zan yi ba". Harsunan biyu sun dawo da mai maganar a sashe na biyu. Na uku, isar da umarni da *sagen*. Jamusanci ya fi son *Er sagte, dass ich warten soll*, kamar "ya ce in jira".

Dalilin wannan jituwa a fili yake. Hausa harshe ne da ba ya barin aikatau ya fita ba tare da wakilin suna a gabansa ba, sai in an mayar da shi suna, ko kuma umarni ne kai tsaye. Mai magana da ita ya saba, a kowace gaɓa, ya san ko "in" ne, ko "ka", ko "su". Wannan sabo shi ne abin da sashen *zu* ke nema ga mai karatu, tunda shi ba ya faɗa.

Alkawari da roƙo

Sai a koma ga likitar da majinyacinta. Me ya sa *versprechen* ya mayar da aikin kan likita, *bitten* ya mayar da shi kan majinyaci? Amsar tana cikin ma'anar kalmomin. Mutum yana alkawari ne a kan abin da shi zai yi, yana roƙo ne a kan abin da wani zai yi. Da wannan kaɗai dogon jerin littafi yana rabuwa gida uku.

Gida na farko na aikatau ne da ke magana a kan niyyar mai aiki ko halinsa: *versuchen*, *beschließen*, *vorhaben*, *hoffen*, *vergessen*, *anfangen*, *aufhören*, *sich weigern*, *versprechen*. Ƙoƙari, yanke shawara, fata, mantuwa, farawa, dainawa, ƙi, alkawari. Wanda ya yi su shi ne mai aikin da ke sashen *zu*. Gida na biyu na aikatau ne masu tura wani ko tare shi: *bitten*, *auffordern*, *zwingen*, *erlauben*, *verbieten*, *empfehlen*, *raten*. Roƙo, umarni, tilasci, izini, hani, shawara. A nan aikin na wanda aka yi wa maganar ne. Gida na uku ba ya nuna kowa: *Es ist verboten, hier zu rauchen*, an hana shan taba a nan. Mai aikin shi ne duk wanda abin ya shafa, abin da Hausa ke faɗa da "a" da "an".

Gida na biyu yana nuna iyakar ma'aunin da aka kawo a sama, kuma ya kamata a faɗe ta. A "ta roƙe shi ya zo" Hausa ta sauya mutum, amma Jamusanci ya yarda da *zu*. Dalili shi ne an riga an ambaci mutumin a babban sashe. Cikakkiyar ƙa'idar ita ce: sashen *zu* ba ya kawo baƙo. Mai aikinsa ko dai yana cikin babban sashe tun farko, ko kuwa kowa da kowa ne. *Ich hoffe, Sie bald zu sehen*, ina fatan ganinku ba da jimawa ba. Amma *Ich hoffe, dass der Brief bald kommt*, ina fatan wasiƙar ta zo da wuri, domin wasiƙa baƙuwa ce a jimlar.

Akwai 'yan kalmomi da su kansu Jamusawa sai sun duba yanayi. *Ich schlage Ihnen vor, morgen anzufangen* yana iya nufin ku fara gobe, yana iya nufin mu fara gobe. Ma'aikacin da shugabansa ya faɗa masa haka bai yi laifi ba in ya tambaya.

Harshen ofis

Inda *zu* ya fi cizo shi ne inda ya haɗu da *sein* ko *haben*. *Der Antrag ist bis zum 15. Juli einzureichen.* Sabon mai koyo yana ganin *ist* sai ya zaci bayani ake yi masa. Umarni ne: a miƙa takardar nema daga nan zuwa 15 ga Yuli, ranar da jami'o'in Jamus da yawa ke rufe karɓar takardu na zangon hunturu. *Die Unterlagen sind im Original vorzulegen*: a gabatar da ainihin takardun. Ba a ambaci mai aikin ba, amma shi ne mai riƙe da wasiƙar. *Haben* kuwa yana nuna shi da yatsa: *Der Mieter hat den Schaden sofort zu melden*, wajibi ne ɗan haya ya sanar da ɓarnar nan take.

Dokokin ƙasar da wannan harshe aka rubuta su. Sashe na 556b na kundin dokar farar hula, BGB, wanda ya ce a biya kuɗin hayar gida kafin ranar aiki ta uku ta wuce, da *sein* da *zu* ya faɗe shi. Tsarin mulkin 1949 ma, a sashensa na 1, bayan ya ambaci martabar ɗan Adam, ya ɗora wa dukkan hukumomin ƙasa nauyin girmama ta da kare ta ta hanyar tsurar aikatau biyu, *zu achten* da *zu schützen*, waɗanda su ne ke zaune a mazaunin aikau na jimlar.

*Sein* da *zu* yana kuma iya nufin yiwuwa. *Das Gerät ist leicht zu bedienen*: na'urar tana da sauƙin sarrafawa. Kalmomi irin *leicht*, *schwer* da *kaum* su ne alamar wannan ma'ana. In babu su, kuma takardar daga hukuma ta fito, abin da ya fi aminci shi ne a ɗauke ta a matsayin tilas.

Sashen *zu* yana iya waiwayar baya. *Ich bestätige, die Hinweise gelesen zu haben*: na tabbatar da cewa na karanta bayanan. Duk wanda ya sa hannu a ƙarƙashin irin wannan layi ya shaida abin da ya riga ya faru, ba alkawarin karantawa ya yi ba. Yana kuma iya nuna wanda aikin ya faɗa wa: *Sie hofft, eingeladen zu werden*, tana fatan a gayyace ta. Sannan akwai 'yan kalmomin share fage da ke tsayawa a babban sashe suna nuni ga abin da ke tafe: *Denken Sie daran, Ihren Pass mitzubringen*, ku tuna ku zo da fasfo. *Daran* yana nan ne domin *denken* yana tafiya da *an*, kuma a nan kam sai an koyi kowane aikatau tare da abokin tafiyarsa.

Waƙafi

Waƙafin da ke gaban sashen *zu* ya sha juyi. Kafin gyaran rubutu na 1996 wajibi ne a yawancin wurare. Gyaran ya sassauta shi. A 2006 aka dawo da wajibcinsa a wasu halaye, ciki har da inda sashen ya fara da *um*, *ohne* ko *statt*, da inda sashen ya rataya a kan suna ko kalmar share fage. A ƙa'idojin da majalisar kula da rubutun Jamusanci ta sabunta, waɗanda suka fara aiki a Yulin 2024, an sake ƙarfafa shi. Don haka mai koyo na iya ganin littattafai biyu a kan tebur ɗaya suna saɓa wa juna, kowanne da shekararsa. Hanya mafi aminci ita ce a sa waƙafi duk lokacin da sashen ya ƙunshi wasu kalmomi bayan *zu* da aikatau, ban da bayan *sein*, *haben*, *brauchen* da *scheinen*, inda ba a sa shi.

Waƙafin ma ga tambayar nan yake komawa. *Sie bat ihn, anzurufen*: ta roƙe shi ya buga waya. *Sie bat, ihn anzurufen*: ta roƙi a buga masa waya. Kalmomi huɗu ne ba su sauya ba, ɗigo mai wutsiya ya matsa taki ɗaya, mai bugun waya ya koma wanda ake bugo wa.

Abin da masu ja za su ce

Wani zai ce duk wannan wahala ce ta banza, tunda *dass* yana nan, kuma mutum na iya rubuta *Ich hoffe, dass ich Sie bald sehe* ba tare da ya yi kuskure ba. Haka ne a wasu wurare. Amma *versuchen*, *anfangen*, *aufhören* da *sich weigern* ba sa sakewa da *dass*, kuma ko da mutum ya kauce wa ginin a rubutunsa, ba shi da ikon hana hukuma rubuto masa shi.

Wani kuma zai ce koyarwar zamani ta fi son a koyi harshe da shi kansa harshen, ba tare da fassara ba. Ga yaro, ko ga wanda ke zaune a Hambug yana jin Jamusanci dare da rana, wannan magana tana da ƙarfi. Amma injiniya ko ungozoma da ke koyo da yamma bayan tashi daga aiki, a Kano ko Zinder, fassara yake yi a zuci ko an so ko an ƙi. Zaɓin da ke gabansa shi ne harshen da zai fassara zuwa gare shi, kuma a wannan babi Hausa ta fi Turanci kusa.

Na uku zai ce babu littattafan da suka haɗa harsunan biyu kai tsaye. Na koyon Jamusanci da Hausa kam sun yi ƙaranci. Amma gadar ta daɗe da ginuwa, daga can ne dai aka fi takowa: tun 1906 Adam Mischlich ya buga ƙamus na Hausa da Jamusanci a Balin. Kuma abin da ake buƙata a nan bai kai littafi ba.

Takarda ɗaya ta gaske ta isa, ko sharuɗɗan wata jami'a, ko samfurin yarjejeniyar haya. Mai koyo ya ja layi a ƙarƙashin kowane *zu* da ke tare da aikatau, har da waɗanda suka ɓuya a tsakiyar kalma irin *einzureichen*. A gefen kowanne ya rubuta ɗaya daga cikin kalmomi tara da ya sani tun yana goye: in, ka, ki, ya, ta, mu, ku, su, a. Inda kalmar ta zo nan take, ya fahimci jimlar. Inda alƙalami ya tsaya, nan ne darasin ranar yake, kuma gara ya tsaya a kan teburin karatu da ya tsaya ranar 16 ga Yuli.